Yadda za ka ƙiyasta yawan 'yan Nijar da ke Najeriya da 'yan Najeriya da ke Nijar

Duk wanda ya ce maka ya san adadin 'yan Nijar da ke zaune a Najeriya, ka yi masa tambaya biyu kafin ka saurari lambar da zai faɗa: wa ya ɗauka a matsayin ɗan Nijar, kuma a wane wata ya yi ƙirgar. In ya fara kame-kame, to lambarsa ta hirar fada ce, a sha shayi a watse.

Ni malamin lissafi ne a nan Damagaram, kuma ina cikin waɗanda suka shiga gida-gida a ƙidayar jama'a ta 2012 a ƙauyukan kudancin jaharmu. Ɗaliban jami'a da 'yan jarida kan zo mini da wannan tambaya, kowa na son lamba guda mai kyan gani da zai ɗora a kan takarda. Lamba guda babu ita. Akwai dai hanyar da mutum zai bi ya fito da ƙiyasin da zai iya karewa a gaban kowa, ko da abin da ya mallaka bai wuce babur da littafi da abokan aiki huɗu ko biyar ba.

Fara da yanke wanda kake nema

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho da O'Shee ya bi ƙasa yana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa gonaki da dangi da masarautu, bai tambayi kowa ba. Shi ya sa kalmar "baƙo" ba ta da sauƙin kamawa a nan.

Ɗauki mutumin da aka haifa a Magarya, ya tafi Kano yana saurayi, yau shekararsa talatin a can, da shago da mata da 'ya'ya. In ma'auninka wurin haihuwa ne, shi kaɗai za ka ƙirga, 'ya'yansa ba sa ciki. In ma'auninka takardar ɗan ƙasa ce, 'ya'yan na iya shiga ta wajen uba, kuma su ɗin nan 'yan Najeriya ne ta wajen uwa, don sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da wannan haƙƙi ga wanda ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne. Nijar ma tun 2014 ta halatta riƙe ƙasa biyu. Ke nan yaro guda na iya faɗawa cikin lissafin kowace ƙasa, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Ni ina ba da shawarar a ɗauki wurin haihuwa. Kowa ya san garin da aka yi masa suna, amma ba kowa ke da takarda ba, wani kuma yana da biyu, ɗaya a aljihun dama ɗaya a na hagu. Kada ka ɗauki lambar NIN, wato lambar rajistar shaida ta Najeriya, a matsayin shaidar zama ɗan ƙasa, don baƙon da ke zaune a can bisa ƙa'ida ma ana yi masa ita.

Bayan haka sai tsawon zama. Majalisar Ɗinkin Duniya na kiran wanda ya kai wata 12 a wata ƙasa mai doguwar ƙaura, wanda ya yi tsakanin wata 3 da 12 kuma mai gajeriyar ƙaura. Yawancin samarinmu 'yan ci-rani a rukuni na biyu suke: su tafi bayan an ɗaure hatsi, su dawo da saukar ruwan fari. Ka ware su daban tun daga farko. Ka buɗe rukuni biyar a littafinka: mazauna na dindindin, 'yan ci-rani, almajirai da ɗalibai, matan da aka aurar ƙetare, da 'yan gudun hijira. Makiyaya masu bin ciyawa kuwa aikinsu daban ne, kada ka cusa su nan.

Alƙaluman hukuma: ka karanta su, amma ka duba watan da aka tara su

Ƙidayar Nijar ta 2012, ta huɗu bayan 1977 da 1988 da 2001, ta ba da mutum 17,138,707, jahar Zinder, wato Damagaram, kuma 3,539,764. Ta Najeriya ta ƙarshe an yi ta a 2006, ta ba da 140,431,790, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage. Daga irin waɗannan ƙidayoyi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ke gina jadawalinta na baƙin da ke kowace ƙasa, tana ja da su gaba da lissafi. Ta ƙiyasta baƙin da ke Najeriya baki ɗaya a 2020 da wajen miliyan 1.3, daga dukkan ƙasashe. Duk wanda ya taɓa zagaya Kano ko Legas ya ga 'yan ga-ruwa da masu shayi da masu gadi da masu yankan farce zai gane cewa wannan lamba ƙasan rijiya ce, ba bakinta ba.

Ga abin da mutane ba sa lura da shi. Najeriya ta yi tata ƙidayar a watan Maris, tsakiyar rani, lokacin da ci-rani ya cika ya batse. Mu kuma a Disamba muka yi, lokacin da wasu sun tafi wasu na ɗaure kaya. Ko da kowa ya faɗi gaskiya, lambobin biyu ba za su haɗu ba. Balle kuma ba kowa ke faɗa ba. Bahaushen Matamaye da ke Katsina, in jami'in ƙidaya ya tambaye shi garinsu, me zai sa ya ce Nijar? Harshe ɗaya, riga ɗaya, salla ɗaya. Dattawa ba su manta korar baƙi ta 1983 zamanin Shehu Shagari ba, da ta 1985, da rufe iyaka na 1984 da ya haɗu da fari har mutanen nan suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Wanda kakansa ya ba shi wannan labari, "Daura" zai ce, a wuce wurin.

Rajistar ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Kano da ta ofishin jakadanci a Abuja na da amfani, sai dai masu katin jakadanci galibi 'yan kasuwa ne da ɗalibai da masu neman wata takarda. Ka riƙe wannan lamba a matsayin mafi ƙaranci. Rukunin da aka fi ƙirgawa da kyau shi ne 'yan gudun hijira, saboda HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na yi musu rajista da hoton yatsa: na jahar Diffa da suka fara shigowa tun 2013 saboda Boko Haram, da na jahar Maradi da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Wannan ka ɗauko shi daga rahotonsu, ka rubuta kwanan watan rahoton a gefe.

Kan iyaka ba wurin ƙirga mazauna ba ne

Kusan kowane ɗalibi da nan yake son farawa: ya je Ɗan Barto ko Tinkim ya zauna yana ƙirga motoci. OIM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, ma ta buɗe wuraren lura da zirga-zirga a Ɗan Barto da Magarya a 2018, kuma rahotanninsu na nuna wa ke tafiya, ina za shi, me ya fitar da shi. Amma ƙetarawa suke ƙirgawa, ba mutane ba. Dillalin dabbobin da ke cin kasuwar Maigatari kowace Alhamis zai bayyana sau hamsin da wani abu a shekara, alhali a gidansa yake kwana. Wanda ya shekara ashirin a Fatakwal bai zo ko gaisuwar mutuwa ba kuwa, ba zai bayyana ko sau ɗaya ba. Ga kuma hanyoyin daji da 'yan kabu-kabu suka fi jandarma sani. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, littattafan kan iyaka suka yi shiru, amma biki da suna da kasuwa ba su tsaya ba.

Amfanin kan iyaka da tasha guda ne: su nuna maka watan da fita ta fi yawa da watan da dawowa ta fi yawa. 'Yan kamasho za su gaya maka wannan a zaman shayi ɗaya.

Ka ƙirga su daga gida

Nan ne ainihin aikin. Wanda ya tafi yana iya ɓoye asalinsa a can, amma a gida babu mai ɓoye shi, ana ma alfahari da shi. Saboda haka maimakon ka bi su birni-birni a ƙasar da ta fi mutum miliyan 200, ka tambayi waɗanda suka bari a baya.

Samo jerin ƙauyukan gundumar da ka zaɓa daga reshen jaha na INS, hukumar ƙididdiga ta Nijar, ko daga ma'aikatar magajin gari. Ka zaɓi ƙauyuka da ƙuri'a, ba da son rai ba. Rubuta sunayen a guntayen takarda, zuba a hula, a sa yaro ya ɗebo talatin. In ka bar wa kanka zaɓi, ƙauyukan bakin kwalta za ka ɗauka, su kuwa ba su yi kama da na cikin tudu ba. A kowane ƙauye ka fara da ƙofar mai gari, da takardar izini a hannunka daga hukumar gunduma da ta sarki. A halin tsaron da ake ciki, baƙon da ke yawo da littafi kusa da iyaka yana tambayar sunayen mutane ba tare da takarda ba ya jawo wa kansa kwana a hannun jami'ai. Sannan ka zaɓi gidaje ashirin, su ma ba na fadawan mai gari ba: ka ƙirga gidajen garin, ka raba da ashirin, ka riƙa tsallake wannan adadi.

Yanzu wa za ka tambaya? Yawancin masu bincike maigida suke tarewa a zaure. Ni na fi yarda da iyaye mata, kuma dalilina na lissafi ne. In ka tambayi magidanta "wa ya tafi daga gidan nan", saurayi guda zai fito a gidan ubansa, ya fito a gidan wansa, ya sake fitowa a ɗakin matarsa. Amma kowane mutum uwa ɗaya gare shi. In ka tambayi kowace mace 'ya'yan da ta haifa da inda kowannensu yake yau, ba wanda zai shiga sau biyu. Masana ƙidaya sun daɗe da sanin wannan dabara, kuma a ƙasar Hausa ta fi dacewa, don uwa ba ta manta 'yar da aka kai Ɓaɓura ko Zangon Daura shekara goma sha biyar da suka wuce, alhali maigida ya riga ya cire ta daga lissafin gidansa tun ranar da aka kai amarya. Waɗannan mata su ne rukunin da ke ɓacewa a kusan kowane rahoto, kuma a ƙauyukan bakin iyaka suna da yawa ƙwarai.

Wannan aiki sai da mata a cikin ayarinka, don namiji baƙo ba ya shiga cikin gida. Ka kuma shirya wa kunya: uwa ba za ta ambaci sunan ɗan fari ba, wata ma ba ta son a ƙirga mata 'ya'ya da baki. Abokiyar aikinki ta zauna a tabarma, ta gaisa sosai, ta ce "Inna, babban yana ina yanzu? Mai bi masa fa?" A haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an furta lamba ba. Kan kowane ɗa ana son abu biyar: namiji ne ko mace, kimanin shekarunsa, garin da yake, yaushe ya tafi, kuma ya yi noman daminar bara a gida ko bai yi ba. Tambayar ƙarshen nan ita ke raba ɗan ci-rani da wanda ya zauna. Kada ka nemi shekara da lamba. Ka ce kafin rufe iyaka ne ko bayansa, kafin azumi ko bayan babbar salla.

A kula da amsar "ya tafi gabas" ko "yana wajen malam". Almajiri na iya zama a Mirya, yana iya zama a Haɗeja ko Gashuwa ko Maiduguri. Sai an sake tambaya. Haka "yana kudu" ko "yana Kurmi": wani Legas yake nufi, wani Kwatano, wani Abijan. A gundumar Kance kuma ka sa ido kada ka haɗa masu zuwa Aljeriya da masu zuwa Najeriya.

Ga yadda lissafin ke tafiya, da lambobin misali da na ƙirƙira don koyarwa kawai. A ce iyaye matan da aka tambaya sun ambaci 'ya'ya rayayyu 4,500, daga ciki 360 suna Najeriya a ranar da aka yi tambayar. Kashi 8 cikin 100 ke nan. In haifaffun gundumar sun kai 400,000, ƙiyasinka na farko 32,000 ne. Sai gyara biyu. Na ɗaya, waɗanda iyayensu mata suka rasu ba wanda ya ambace su, kuma su ne manya, waɗanda suka fi daɗewa a can. Don su, ka ƙara tambayar 'yan'uwa: kowane babba ya lissafo waɗanda suke uwa ɗaya da shi, amma ka raba da yawan 'yan ɗakin da ke gida, don kowannensu zai ambaci mutum guda ɗin nan. Na biyu, gidan da ya tashi gaba ɗaya, har da uwar, bai bar mai ba da labari ba. Wannan sai mai gari da liman da maƙwabta. Ka tambayi kangon da ka gani: na wane ne, ina suka koma. Littafin harajin mai gari ma na taimakawa, don sau da yawa sunan wanda ya tafi na nan a katin iyali, 'yan'uwa na biya masa.

Kada ka ɗauki kason Magarya ko Dungas ka shafa wa jahar duka. Mutanen Tanut sun fi fuskantar arewa, Agadas da Libiya. Kowace gunduma da nata kason. Kuma in za ka yi amfani da ƙidayar 2012, ka tuna ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wato tana ninkawa cikin wajen shekara 18. Ka ɗauko hasashen INS na shekarar da kake ciki.

In da hali, a koma ƙauyukan nan sau biyu: a Maris, da kuma a Agusta ana tsakiyar noma. Na Agusta shi ne mazauna. Bambancin da ke tsakani shi ne ci-rani.

'Yan Najeriya da ke nan Damagaram

Wannan ɓangare ya kasu biyu. Inyamurai masu kayan gyaran mota da Yarabawa 'yan kasuwa a fili suke, suna da ƙungiyoyi da shugabanni da littafin karo-karo. Hausawa da Barebari da Fulanin Najeriya kuwa sun narke cikin Zango da Sabon Gari da Garin Malam, sai wanda ya san su.

Ga na farkon akwai dabarar jeri biyu. Ka nemi littafin ƙungiya, a ce yana da suna 300. Sai kai kuma, ba tare da ka nemi rakiyar shugabannin ƙungiyar ba, ka bi kasuwar Dole da layukan gareji shago-shago, a ce ka samu mutum 200. Ka gwada jerin biyu, ka tarar 120 daga cikin naka suna cikin littafin. Tunda littafin ya kama 120 cikin 200, wato kashi 60 cikin 100, to 300 ɗin nan ma kashi 60 ne na jimla. Ninka 300 da 200, raba da 120, ka samu 500. Sharaɗin shi ne kada jeri ɗaya ya haifi ɗayan. In sakataren ƙungiya ne ya zagaya da kai, membobinsa zai nuna maka, lambar haɗuwa ta kumbura, jimla ta faɗi ƙasa da gaskiya. Haka za ka iya yi wa 'yan Nijar a wata unguwar Kano, da littafin sarkin zango ko na ƙungiyar 'yan gari a hannu ɗaya, zagayen tashoshi da rumfunan shayi a ɗaya hannun.

Wahalar tana wajen gwada sunaye. Mutum guda Issoufou ne a takardar Nijar, Yusuf a ta Najeriya. Ousmane da Usman, Mahamadou da Muhammadu, duk haka. Ga kuma Musa ɗan Abdu guda bakwai a layi ɗaya. Ka haɗa suna da sunan uba da garin asali da sana'a kafin ka ce mutum ɗaya ne, ka kuma karanta sunan da baki, kada ka dogara da rubutu.

Ga Hausawan Najeriya da ke cikinmu, kada ka tambayi kowa "kai ɗan wace ƙasa ne". Tun da Nijar ta fice a Janairun 2025 daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mutum damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, mutane sun ƙara taka-tsantsan da wannan tambaya. Ka ce "a ina aka haife ka", ka rubuta sunan garin kawai. Daga baya, a gida, da taswira a gabanka, kai za ka sa kowane gari a ƙasarsa. Masu unguwa ne ƙofar wannan aiki, su da malaman tsangaya, don almajiran Jigawa da Yobe na zuwa karatu nan kamar yadda namu ke zuwa can.

Yadda za ka rubuta sakamakon

Ka ba da lamba biyu, ƙarama da babba, kada ka ba da ɗaya. Ƙaramar ita ce wadda kake da shaidarta a hannu: rajista, da abin da iyaye mata suka faɗa kafin gyara. Babbar ita ce bayan ka ƙara marayu da gidajen da suka tashi. Ka zagaye su zuwa dubu, don wanda ya rubuta 32,417 daga ƙauyuka talatin burga yake yi. Jimlar ta zama kamar haka: tsakanin kaza da kaza na haifaffun gundumar kaza suna Najeriya a watan Maris na shekara kaza, kashi kaza daga ciki 'yan ci-rani ne, ba a haɗa da 'ya'yan da aka haifa a can ba.

Ka sani lambar za ta fita daga hannunka. Duk kakar zaɓe a Najeriya sai an tayar da zancen 'yan Nijar sun shigo jefa ƙuri'a, kuma mai neman hujja babbar lambar zai ɗauka ya yar da sauran jimlar. Saboda haka ka sa wata da ma'auni a cikin layi ɗaya da lambar, yadda ba za a iya yanko ta ita kaɗai ba. Sunayen mutane kuwa, da zarar ka gama gwada jerin, ka maye gurbinsu da lambobi a kwamfuta, ka mayar wa ƙungiya littafinta hannu da hannu, ka ƙone shafukan da ke ɗauke da suna da gari.